Yadda Ake Raba Sharar Madafa: Ta Dabbobi, Ta Ramin Taki, Da Wadda Ba A Zubawa A Rariya

Idan kina son sanin yadda gida yake tafiyar da shararsa, ki zagaya bayan katanga ki dubi inda rariya take zuba. A gidaje da yawa za ki tarar da baƙin ruwa kwance, ƙanzo da ƙwayar shinkafa sun ruɓe a ciki, mai ya yi masa yana a sama, ƙuda na bi da rana, sauro na tashi da magariba. Abin da ke cikin wannan kwatamin kuwa rabinsa abincin kaji ne, sauran kuma takin da gonar maigida take nema ido rufe.

A gidajen Amurka da dama akwai wani ɗan inji mai aiki da lantarki da ake ɗaurawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya niƙe sauran abinci, ruwan famfo ya tafi da shi ta bututu. Shi ma ba komai ake ba shi ba. Ana hana zuba masa mai da kitse, da manyan ƙasusuwa, da ƙwallon 'ya'yan itace, da abu mai zare-zare irin ɓawon masara. Mu a nan ƙasar Ringim ba mu da wannan inji, amma muna da masu yi mana aikinsa: awaki da kaji, ramin taki, da murhu. Kowanne akwai abin da cikinsa yake ɗauka, akwai wanda yake ɓata shi. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ita ta koya mini wannan rabo tun ina amarya, shi kuma zan nuna miki yadda nake yi har yau.

Kayan da za ki tanada

Mazubi uku a gefen madafa. Bokiti ko tsohon baho na dabbobi, bokiti mai murfi na ramin taki, da buhu na abin da ba ya ruɓewa. Idan babu bokiti, tsohuwar tukunyar ƙasa ko fasasshiyar ƙwarya sun isa, ki rufe da faifai.

Tsohuwar gwagwa ko rariyar tankaɗe da ta gaji, don tace ruwan wanke-wanke.

Diga, shebur da fartanya. Manjagara tana sauƙaƙa juyi, amma ba dole ba ce.

Busassun kaya: ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, karan dawa ko na gero, ganyen darbejiya da kike sharewa kullum, da sharar turke.

Toka, sanda mai tsawon gaba ɗaya, da tsohuwar zana ko buhunan algarara na rufi.

1. Rabo tun daga bakin murhu

Kada ki bari shara ta haɗu sannan ki ce za ki tsince. Da zarar ɓawon albasa ya cakuɗe da ledar magi da ruwan miya, ba mai sake sa hannu a ciki. Kina fere, kina jefawa inda ya dace. Yara ma ki nuna musu mazuban nan uku, cikin mako guda za su riƙe.

2. Dabbobi ne farko

Duk abin da akuya ko kaza za ta ci lafiya, asara ce a kai shi rami, domin in ta ci za ki samu nama da ƙwai, kashinta kuma ya dawo ramin.

Awaki da tumaki suna cin ɓawon dankali, ɓawon kankana, na ayaba, kowar wake, ganyen kabeji da na salak da suka yi yaushi, dusa, da ƙasari. Ƙasari da dusar awara ki ba su a ranar, musamman da bazara, don kwana ɗaya ya ishe su tsami. Kaji kuma nasu ne tsaki, ƙanzon da aka jiƙa, sauran dambu, da 'ya'yan tattasai da na tumatir.

Ga inda ake kuskure. Ɓawon rogo ɗanye yana da guba, musamman rogo mai ɗaci, sai an shanya shi a rana kwana uku zuwa huɗu ya bushe ƙayau kafin a ba dabba. Ɓawon dankalin Turawa da ya yi kore ko ya tsiro, rami za shi. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, wadda kika tsince kika ce ba za a ci ba, kada ki watsa wa kaji. Gubar fumfunar tana lalata hantarsu, a jikin dabba mai shayarwa kuma tana iya bi ta nono. Sauran miya mai gishiri da magi da yawa ba na kaji ba ne, jikinsu ba ya jure gishiri. Ragowar irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda kike gani ja ko shuɗi, ko kusa da akurki kada ya je.

Sai babba, wanda na gani da idona. Ranar wani suna a gidanmu shinkafa ta yi saura kusan rabin baho, yara suka kai wa tumaki da dare. Wata tunkiya mai ciki, wadda ta saba da harawa da dusa kaɗan, ta kafa kai ta cinye mafi yawa. Da asuba na same ta tsaye ta sunkuyar da kai, ta daina tuƙa, gefen cikinta na hagu ya kumbura, in ka taɓa sai ka ji ruwa na motsi. Kafin malamin dabbobi ya iso daga gari ta kwanta, sai yankawa aka yi. Hatsi mai yawa a lokaci ɗaya, dafaffe ko ɗanye, tsami yake yi a tumbin dabba har ya kashe ta. Tun daga ranar, sauran tuwo da shinkafa shanyawa nake a kan buhu, su bushe, in riƙa ba su tafi ɗaya ko biyu bayan sun ci ciyawa.

3. Zaɓen wuri da haƙa rami

Wannan aikin maigida ne ko samarin gida. A nemi inuwa, gindin darbejiya ko jikin katanga, inda ruwan sama ba ya kwanciya. Ya yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum, kuma kada ya zama a saman gangare rijiya na ƙasa. Kada a manna shi da rumbu ko ginin ƙasa, saboda gara.

Tsawo taku biyu, faɗi taku ɗaya da rabi, zurfi daga gwiwa zuwa cinya. Kada a zurfafa ya wuce ƙugu. Ramin da ya yi zurfi iska ba ta kai wa ƙasansa, juyi kuma ya zama wahala, ga haɗarin ƙananan yara. A haƙa biyu gefe da gefe: ɗaya ana zubawa, ɗaya na juyi. Ƙasar da aka fitar a yi wa bakin ramin kunya da ita, a bar kaɗan a gefe don rufi.

A ƙasar jigawa irin tamu bakin rami yana zubewa. A ɗan kwantar da gefen, ko a jera tsofaffin tubala. Masu zama kusa da fadama, kamar wajen Hadejia da Auyo inda ruwa yake kusa, kada su haƙa ma. Su tara tsibi a bisa ƙasa, su kewaye da kara ko zana.

4. Shimfiɗa da jeri

A ƙasan rami ki shimfiɗa karan dawa da aka sassara, kauri kamar taƙi ɗaya, don iska ta samu hanya. Daga nan sai jeri: busassun kaya taƙi ɗaya, ɗanyar sharar madafa kamar rabin haka, kashin awaki ko na kaji, sai yayyafin ƙasa. Ki yayyafa ruwa, ki sake daga farko.

Ƙa'idar da nake bi ita ce duk bokiti ɗaya na ɗanyar shara, biyu zuwa uku na busasshe. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda su ne suke ruɓar da sharar, suna buƙatar abinci iri biyun nan, da iska, da laima. Ɗanye ya yi yawa, rami ya caɓe ya yi ɗoyi. Busasshe ya yi yawa, ya zauna wata da watanni yadda kika zuba shi.

Tun da sharar madafa kullum take fitowa kaɗan-kaɗan, ki ajiye buhun ƙaiƙayi a bakin ramin. Duk yamma in kin juye bokiti, ki rufe da ƙaiƙayi ko ganye har ba a ganin komai. Abin da aka bari a buɗe shi ke kiran ƙuda da ɓera. Ɓera kuwa ba ɓarnar hatsi kaɗai yake yi ba, ta fitsari da kashin wani irinsa ake ɗaukar zazzaɓin Lassa.

Toka a yi mata hankali. Tana da amfani, tana ƙara wa taki sinadarin da gyaɗa da dankali suke so, amma yayyafi ake yi kamar ana barbaɗa gishiri. In kin juye tokar murhu gaba ɗaya a kan kashin kaji, za ki ji zarni ya tashi, wannan zarnin kuwa ƙarfin takin ne yake bin iska. Kuma ki tabbata ta huce sarai. Garwashi ɗaya a cikin ƙaiƙayi da hunturu ya isa ya tashi gobara.

5. Abin da rami yake ci, da wanda yake ƙi

Yana cin waɗannan ba gardama: ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, kan kuɓewa, sauran zoɓo da aka tace, ganyen shayi, tsinken zogale da na rama, ɓawon kabewa, dusar da ta yi tsami, da takarda marar sheƙi in an yayyage ta. Ɓawon lemo ma yana shiga, sai dai kada a tara shi wuri ɗaya.

Akwai masu taurin kai, waɗanda sai an taimaka musu. Tuƙar rake da ɓawon masara a daddatse su da adda. Ɓawon gyaɗa a jiƙa shi kwana ɗaya, ko a fara shimfiɗa shi a turke dabbobi su tattake su yi masa fitsari, wannan ya fi komai sa shi saurin ruɓewa. Totuwar masara, ƙwallon mangwaro, ƙodagon goruba da ƙwallon dabino kuwa, shekara za ta zagayo ki same su yadda suke. Ki shanya su ki hura wuta da su, tokarsu ta dawo ramin.

Ɓawon ƙwai ki ɗora a bakin murhu ya gasu, ki daka ya yi laushi, ki haɗa wa kaji masu ƙwai a dusa. Dakan ya zama lukui, don kazar da ta gane ɓawo a siffarsa tana iya komawa fasa nata ƙwan. Ƙashi ma wuta za shi. In ya ƙone ya yi fari, da taɓarya kaɗan yake zama gari, garin nan kuwa taki ne mai kyau ga saiwa.

Sauran tuwo da miya da suka lalace har dabba ba za ta ci ba, suna iya shiga in kaɗan ne, amma a tsakiya. Ki tona da fartanya kamar kamu ɗaya, ki zuba, ki mayar. Nama, kan kifi, hanjin kaza da jini ba na wannan rami ba ne. Wari suke yi, su jawo karnuka da gafiya su tone miki aiki. Ki sa a haƙa musu ƙaramin rami daban mai zurfin kamu biyu a gindin bishiya, a binne, a ɗora dutse. Da Babbar Sallah, abin da aka zazzage daga tumbin rago ciyawa ce da ta riga ta fara narkewa, wannan kam ki karɓe shi hannu biyu ki kai ramin taki, ki rufe da ƙaiƙayi.

Waɗanda ba sa shiga ko da wasa: kashin yara da famfas, kashin kare da na kyanwa, domin suna ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da zafin rami ba lallai ya kashe ba. Kashin yara masai za shi. Mushen kazar da cuta ta kashe a binne shi da zurfi nesa da gida ko a ƙone. Wuta-wuta da aka cire a gona, in ta riga ta yi fure, ƙonawa ake yi. Ƙwayar irinta ƙanƙanuwa ce kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, kuma tana iya shekara goma a ƙasa tana jiran gero. Haka ƙarangiyar da ta yi 'ya'ya. Wanda ya sa su a rami, da kuɗinsa da jakinsa zai kai wa gonarsa ciyawa.

6. Mai, ruwan wanke-wanke da rariya

Rariya ruwa kaɗai take ɗauka. Kafin tukunya ta ga ruwa, ki kankare ƙanzo, ki goge maiƙon da tafin dusa, dusar ta tafi kaskon kaji. In babu dusa, toka ko rairayi. Man ja da kitse suna fita da ruwan zafi kamar ba komai, amma da sun isa rariya suka huce sai su yi barci, musamman da hunturu, su kama rairayi da ƙwayar abinci su toshe hanya. A cikin kwatami kuma su liƙe ƙasa ta daina shan ruwa. Dalilin da ya sa kike ganin kwatamin wani gida ba ya ƙafewa ko da bazara ke nan.

Man suya da ya yi baƙi ki zuba a gwangwani. Ana ɗiga shi a kara a hura wuta, ana shafa wa fartanya da garma don tsatsa. Ramin taki ba ya son sa, yana naɗe shara ya hana ta iska.

Ki ɗora gwagwa a kan bokiti ki tace ruwan wanke-wanke, abin da ta tare ya tafi wajen kaji ko rami. Ruwan wanke shinkafa, na wanke ganye da na alwala su ne ruwan ramin takinki, ba sai kin ja na rijiya ba. Ruwan omo da na Hypo kuwa kwatami za su.

Shi kwatamin, a haƙa shi zurfin ƙugu, a cika da fasassun bulo, marmara da tsingaro, manya a ƙasa ƙanana a sama, a rufe da buhu da ƙasa. Ruwa zai shige ta tsakanin duwatsun ba tare da ya kwanta a fili ba. Sauro a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi, saboda haka ruwan da ya yi mako a buɗe ya riga ya zama gidansa. In babu halin duwatsu, ki riƙa watsa tataccen ruwan a tsakar gida ko gindin bishiya, yau nan gobe can.

7. Buhun abin da ba ya ruɓewa

Leda ita ce babbar abokiyar gabarmu. Ledar fiya wata, ta magi, ta omo, baƙar ledar cefane. Wadda aka ƙulla ƙosai ko alala a ciki ita akuya ta fi bi, saboda ƙanshin mai da gishiri. Ba ta narkewa a tumbi, taruwa take ta dunƙule, dabba tana ci tana ramewa, gashinta ya tashi. Ki tambayi kowane mahauci a kasuwar Maigatari ko ta Wudil abin da yake cirowa daga cikin awaki. A gona kuma leda tana hana saiwa da ruwa wucewa.

Kada ki hura wutar girki da ita, hayaƙin yana cutar da ƙirjinki da na goyon da ke bayanki. Ki tara a buhu, in ya cika a binne a wuri ɗaya da ba a noma. Gwangwani, tsohon ƙarfe da fasasshiyar roba 'yan gwangwan suna saye. Fasasshiyar kwalba, reza da allura a binne su da zurfi, don takin nan da hannu ake watsa shi, ƙafa ba takalmi ake bin kunya. Mataccen batir ki sa a gwangwani mai murfi, kada ya shiga wuta, fashewa yake. Kwalbar maganin feshi kuma ba a wanke ta a zuba mai ko gishiri, a huda ta a binne nesa da rijiya.

8. Gwaji, ban ruwa da juyi

In rami ya cika har ya yi tozo, ki rufe da ƙasa kaurin yatsa biyu, ki ɗora zana, ki soka sandar nan har ƙasa. Bayan kwana huɗu ko biyar ki zaro ta ki kama. In kin ji ɗumi sosai da laima, aiki na tafiya. Tsakiyar ramin da ya kama da kyau yana kai zafin digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Da sanyin asuba har tururi za ki gani.

Sanda ta fito a bushe da sanyi, ruwa ya yi kaɗan. Wannan ita ce matsalarmu ta kullum, iskar hunturu tana busar da rami cikin 'yan kwanaki. Ta fito da santsi da ɗoyi, ruwa ya yi yawa, a buɗe a ƙara ƙaiƙayi a juya. Ta fito da laima amma ba ɗumi, kashin dabbobi ne bai isa ba. Wadda ba ta da dabbobi ta roƙi sharar akurki a maƙwabta, ko ta sa ɗanyen ganyen wake da ɗanyar ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba.

Gwajin laima da hannu ya fi. Ki damƙi tafi ɗaya daga ciki. Ya kamata ya zama kamar tsakin dambu da aka yayyafa wa ruwa: ya dunƙule, ya jiƙa miki tafin hannu, amma ruwa bai zubo ba.

Bayan mako uku a kwashe zuwa rami na biyu, na gefe ya koma tsakiya, na sama ya koma ƙasa, ana yi ana yayyafa ruwa. A maimaita sau biyu ko uku. A sa takalmi, kuma a fara ɗaga zana da sanda, kunama tana son wurin. In kin ga gwazarma ko 'yar gara, kada ki zuba magani, suna cikin masu aikin. Ki saki kaji lokacin juyi su yi kalaci. In babu mai juya miki, ki bar shi a rufe kina ba shi ruwa, zai yi, sai dai ya ɗauki wata shida ko fiye maimakon uku zuwa huɗu.

9. Kwasa

Taki ya nuna in ya yi baƙi-baƙi, ya yi laushi, ya huce, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, kuma ba kya gane ɓawon albasa daga ganye. Wanda bai nuna ba yana ƙona tsiro, ko ya sa shuka ta yi rawaya a makonnin farko. In kina shakka, ki cika gwangwani da shi haɗe da ƙasa, ki shuka ƙwayar wake biyar. Sun fito kore shar, ya yi.

Ni da kaka nake fara cika rami, lokacin da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa suke ko'ina, ya nuna a watan Afrilu ko Mayu, daidai lokacin da ake kai taki gona a mangala ko amalanke. Kafin a ɗora, ki zauna da yara ku bi shi da hannu ku tsince 'yar ledar da ta ɓuya. Kada a kai shi tun Fabrairu a bar shi tsibi-tsibi rana na dukansa iska na kwasa. In dole sai an kai da wuri, a rufe kowane tsibi da ƙasa.

Takin rami ɗaya ba zai rufe gona ba, don haka ba a watsa shi ko'ina. A zuba tafi biyu a kowane ramin shuka, a cakuɗa da ƙasa. Ki kuma cire kwando biyu ko uku tun kafin a ɗaura wa jaki, ki ajiye a inuwa a rufe, don zogale da kuɓewa da yakuwar bayan ɗakinki. Da ruwa ya sauka ki ɗaga kunyar bakin ramin, ki yi masa 'yar rumfa da zana don kada ya cika da ruwa, ki shimfiɗa sabon kara a wanda aka kwashe.